Darasin Lafiya: Mai Ciwon Suga, Ka Kula da Bakinka

Darasinmu na wannan fitowa a kan ciwon suga ne da ɓarnar da yake yi a baki. Da yawa daga cikinmu mun san yana taɓa ido da ƙafa da ƙoda. Amma idan haƙorin dattijo ya fara girgiza, sai mu ce tsufa ne, idan dasashi yana jini mu ce asuwaki ne ya yi ƙarfi. Sau da yawa sugan ne ya hau.

Yadda abin yake faruwa

Idan suga ya yi yawa a jini, yakan yi yawa a miyau ma, ƙwayoyin cutar da ke maƙale a gindin haƙori su sami abinci. Jikin mai suga kuma ba ya yaƙar cuta da sauri. Dasashi sai ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini. In an bar shi, cutar ta gangara ta cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori, lafiyayyen haƙori ya faɗi ba tare da ko rami ba. Likitoci sun gano cewa mai ciwon suga ya fi wanda ba shi da shi saurin kamuwa da wannan cuta kusan ninki 3.

Ciwon dasashin ma yana tayar da suga, magani ya kasa kwantar da shi. Wanda haƙoransa suka zube kuwa ba ya iya tauna nama ko ɗanyen ganye, sai ya koma ga kunu da burodi da shayi mai zaƙi, sugan ya ƙara hawa. Kowanne yana hura wa ɗan'uwansa wuta.

Alamomin da za mu lura da su

1. Jini lokacin asuwaki ko goge baki.
2. Warin baki da ba ya tafiya.
3. Bushewar baki da yawan ƙishirwa, ko da ba a zafi.
4. Farin abu kamar kindirmo a kan harshe ko cikin kunci.
5. Haƙori mai girgiza, ko mugunya a gindinsa.
6. Miki a baki da ya kai mako 2 bai warke ba.

Wanda ya ga waɗannan tare da yawan fitsari da rama, ya nemi a auna masa jini, ko da ba a taɓa ce masa yana da suga ba.

Karanta takardar awo

Iyalan da suka baro Borno tun 2015, wasu ta sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola, wasu kai tsaye zuwa Njamena, sun saba da lambobin asibitin Najeriya. A Chadi lissafin daban ne. Idan an auna mutum da safe bai ci komai ba, ana zargin ciwon suga daga 126 ko 7 a awon Najeriya, a nan kuwa za a rubuta 1,26. Duk abu ɗaya ne. Kada ƙanƙantar lambar ta sa mu ɗauka mun warke mu ajiye magani. Da Faransanci sunan ciwon diabète, awon kuma glycémie. Da Larabci a ce sukkari, za a gane.

Abin da za mu yi a gida

A goge baki safe da dare, minti 2, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Na dare ya fi muhimmanci, don miyau yana raguwa a barci. Wanda ba shi da buroshi ya riƙe asuwakinsa, ya tauna bakin ya yi laushi, ya bi haƙori ɗaya bayan ɗaya a hankali, ya yanke tsohon bakin kullum. Kada a goge da gawayi ko toka, kada a yi sakace da allura ko reza.

Sai maganar shayi. Mun san yadda ake dafa shi a Njamena, ƙaramin kofi amma sukari kamar zuma, ga karkanji mai zaƙi a lokacin zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau kada babba ya wuce ƙaramin cokali 6 na sukari a yini. Uwar gida ta zuba wa mai suga nasa shayin kafin ta sa sukari a buta. In baki ya bushe, ruwa za a sha, ba alawa ba. Sigari da tabar gari da ake dasawa a leɓe suna ƙara kashe dasashi, a bar su.

Kafin a cire haƙori

Nan ne haɗarin ya fi girma. Ramin haƙorin mai suga yana jinkirin warkewa, yana iya ruɓewa har fuska ta kumbura. Kada mu kai bakinmu ga wanzami ko mai cire haƙori a kasuwa. A fara da ɗakin shan magani mafi kusa, da katin gudun hijira a hannu, a nemi takardar turawa. Babban asibitin ƙasa yana da sashen haƙori.

Da an zauna, kalmar farko ita ce: "Ina da ciwon suga." A nuna wa likita ƙwayoyi ko allurar insulin da ake yi, da takardar awo ta ƙarshe. A nemi lokacin safe, a karya kumallo, a sha magani yadda aka saba. A riƙe dabino ko ƙwayar sukari a aljihu, saboda idan jiki ya fara rawa da gumi da jiri, sugan ne ya faɗi. Wanda ba ya jin Faransanci ko Larabci ya nemi tafinta, kada kunya ta sa ya gyaɗa kai ga abin da bai fahimta ba.

Kumburin fuska ko wuya tare da zazzaɓi, ko kasa buɗe baki da haɗiya, ba ya jiran gobe. A tafi asibiti a take, ko da tsakar dare ne.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa tsofaffin gidansu wannan shafi, ya kuma tambaye su ko suna ganin jini a asuwakinsu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.