Man Zaitun da Man Gyaɗarmu

Idan alhazai suka dawo, da wuya a rasa kwalbar man zaitun cikin tsarabarsu. To, yaya ake yinsa?

Zaitun itace ne na ƙasashen gaɓar Bahar Rum, kuma Sifen ta fi kowace ƙasa yin mansa. Itacen yakan yi ɗaruruwan shekaru yana 'ya'ya. Daga Oktoba zuwa Janairu ake kaɗe 'ya'yan, a wanke, a niƙe su har ƙwallon, a cuɗa ƙullun, sa'an nan inji ya raba mai da ruwa.

Haka iyayenmu mata na Malumfashi suke yi da gyaɗa. Sukan soya ta, a niƙo, su tuƙa da muciya suna yayyafa ruwan zafi har mai ya tsatso. Tunkuzar kuwa ta zama ƙuli-ƙuli.

Bambancin shi ne, su sun riƙe itacensu gam. Mu kuwa, bayan farin 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kada mu raina darasin aikin gona.