Ranar da Injin Katako Ya Tsaya

A darasinmu na yau za mu karanta labarin garuruwa biyu na ƙasar Amurka. Sunan ɗaya Potlatch, sunan ɗayan Valsetz. Sunayen suna da wuyar faɗi, amma kada wannan ya dame mu. Dukansu ƙananan garuruwa ne na bakin daji, dukansu kuma da injin yankan katako su ke ci. An wayi gari injin ya tsaya a kowanne. Ɗaya ya sha wuya amma ya rayu, ɗaya kuwa ko tushen bango bai saura ba. Muna so mu gane dalili.

Mu fara da Potlatch. Yana cikin jihar Aidaho, can arewa maso yammacin Amurka, inda a ke da dazuzzuka na dogayen itatuwa miƙaƙƙu. Wani kamfanin katako ne ya kafa garin a 1905. A 1906 injin ya fara aiki, a lokacin nan kuwa duk duniya babu injin yankan farin fayin da ya kai shi girma. Farin fayin wani itace ne mai laushin aiki, kafintoci suna sonsa ƙwarai. Kamfanin ya shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa tasa ta kansa don kawo gumagumai daga daji da fitar da katako. Ya gina gidajen ma'aikata, da makaranta, da asibiti, da babban kanti. Kome nasa ne. Har giya ya hana sayarwa a garin. Ma'aikaci yana zaune a gidan haya na kamfani, yana cefane a kantin kamfani. In ya bar aiki, sai ya bar gida.

To, sai zamani ya juya. Motoci suka yawaita, hanyoyi suka gyaru, ma'aikaci yana iya kwana a wani gari ya zo aiki da safe. Riƙon gari dungum ya zama kaya mai nauyi ga kamfani. Saboda haka a shekarun 1950 ya sayar wa mazauna gidajen da su ke ciki. A 1952 garin ya sami hukumar kansa, watau mutanen gari suka shiga zaɓen masu kula da sha'aninsu. Ku riƙe wannan magana da kyau, za mu komo kanta.

A 1981 aka rufe injin. Me ya kawo haka? A Amurka yawancin gidaje da katako a ke gina su, yawancin masu sayen gida kuma bashi su ke ci a banki. A wannan shekara kuɗin ruwan bashin gida ya hau har ya kai 18 bisa 100. Watau wanda ya ci bashin dala 100, zai biya dala 18 na ruwa a shekara, uwar kuɗi tana nan. Mutane suka fasa sayen gida, magina suka daina gini, katako ya yi kwantai. Kun ga ba laifin mai riƙe da zarto ba ne. An yanke magana a birane masu nisa, ta zo ta faɗa kansa. A 1983 aka wargaza injin ɗungurungum.

Yanzu mu tsaya mu duba yadda kuɗi ke tafiya a ƙaramin gari, don nan ne gindin darasin. Katakon da a ke yankawa ba a garin a ke sayar da shi ba. Waje a ke kai shi, kuɗi su shigo daga waje. Mu ɗauka ma'aikaci ya karɓi albashinsa. Ya biya mai kanti kuɗin abinci. Mai kanti ya biya yaron kantinsa. Yaron ya tafi wurin mai aski. Mai aski ya kai motarsa gyara. Mai gyaran mota ya komo kanti ya yi cefane. Kuɗin nan guda ne, amma sun ratsa hannu biyar. Mutum huɗu daga cikinsu ba su taɓa ɗaga gungume ba, duk da haka da katako su ke ci, ko sun sani ko ba su sani ba.

Ran da injin ya tsaya, ƙofar da kuɗi ke shigowa ta rufe. Wahalar ba ta zuwa gaba ɗaya, bi da bi ta ke zuwa. Da fari ma'aikatan injin. Sa'an nan masu saran itace a daji da direbobin manyan motocin da ke ɗauko gumagumai. Bayan 'yan watanni mai kanti ya ga ciniki ya ragu, littafin bashi kuwa ya cika. Ya sallami yaronsa. Haka abin ke bi gida gida.

Akwai kuma wata hasara wadda ido ba ya gani da wuri. A Amurka akan biya haraji bisa gine-gine da filaye, da wannan haraji ne kuma a ke taimakon makaranta da gyaran hanya. Babban inji shi ne babban mai biya. In an wargaza shi, rabonsa ya tafi. Har wa yau akan ba makaranta kuɗi gwargwadon yawan 'yan makaranta. In iyaye sun tashi da 'ya'yansu, kuɗin makaranta ya ragu, a rage malamai. Gidaje ma su faɗi daraja, gama masu sayarwa sun yi yawa, masu saye babu. Samari ne ke fara tashi, don su ne ba su da nauyi. Tsohon da ya yi shekara talatin a bakin zarto, ina za shi? Wa zai koya masa sabuwar sana'a? A ganinmu nasa ne ya fi ban tausayi.

Duk da haka Potlatch bai mutu ba. Gidajen na mutane ne, ba mai cewa su fita. Kewayen garin ƙasar noma ce mai kyau, ana shuka alkama da yawa, manoma kuwa ba su tashi ba. Kuma akwai garuruwa biyu kusa masu jami'o'i, Pullman da Moscow. Wannan Moscow ta Aidaho ce, ba Mosko ta Rasha ba. Mutane suka riƙa tafiya aiki can da safe, su komo gida da yamma. Garin ya rame, amma yana nan. A ƙidayar 2010 an sami mutum wajen 800 a cikinsa.

To, mu bar Aidaho mu matsa yamma zuwa jihar Oregon, wajen duwatsun da ke kusa da teku. Nan Valsetz ya ke. An kafa shi a 1919 a ƙarshen wata hanyar jirgin ƙasa, daga sunan hanyar ma ya sami nasa. Wuri ne mai yawan ruwan sama ƙwarai, a tsakiyar daji. An datse kogi aka yi tafki inda a ke tara gumagumai kafin a yanka. Garin ya bi hannun kamfanoni, har a 1959 ya shiga hannun kamfanin Boise Cascade.

A nan ba a sayar wa kowa gida ba. Ƙasa ta kamfani, gidaje na kamfani. Babu gonaki kewaye, babu wani babban gari kusa, sai doguwar hanyar daji. Manyan itatuwa na dā, waɗanda aka kafa garin dominsu, sun ƙare, gama itacen da ya yi shekaru ɗaruruwa yana girma, zarto yakan kayar da shi yini guda. A 1983 kamfanin ya ba da sanarwa cewa zai daina aiki. Mutanen garin wajen 300 ne a lokacin. A 1984 aikin ya tsaya. Aka rufe makaranta, aka rufe gidan waya, kowa ya ɗaure kayansa. Mutanen ba su da abin sayarwa, gama ɗan haya ba ya sayar da gida. Aka rushe gine-ginen, aka ƙone, aka shuka 'ya'yan itatuwa a wurin. A 1988 aka saki ruwan tafkin ma.

Ku lura, kamfanin bai keta doka ba. Kayansa ne ya rushe. Amma wanda aka haifa a Valsetz, ya yi karatu a can, ya yi aure a can, ba shi da ƙofar da zai nuna wa jikansa ya ce nan gidanmu ya ke. Shekaru da yawa bayan tashinsu mutanen sun riƙa taruwa sau ɗaya a shekara a wani ƙaramin gari mai suna Falls City, inda hanyar garinsu ta faro. Su gaisa, su ci abinci tare, su tambayi labarin waɗanda ba su zo ba.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka rufe injin Potlatch, kuma shekara nawa ya yi yana aiki?
2. In kuɗin ruwa 18 bisa 100 ne a shekara, nawa mai bashin dala 500 zai biya na ruwa?
3. Yaya aka yi rufe injin ya shafi mai aski?
4. Wa ke da gidajen Potlatch a 1981? Wa ke da na Valsetz a 1984?