Ga Mai Shirin Jarrabawar AWS da Karatu Ya Yi Wa Yawa

Ɗan'uwa, idan ka dawo daga aiki a Kejetia, ka sauka daga trotro a Sofoline a gajiye, ka buɗe kwamfuta sai sunaye irin su EC2 da S3 da Lambda suka yi maka rubdugu, kada ka ɗauka kanka ne ba ya ja. Hidimomin AWS sun haura 200, ba kuma wanda ya haddace su duka.

Fara da jarrabawar matakin farko, wato Cloud Practitioner: tambayoyi 65 cikin minti 90, kuɗinta dala 100, ana cin ta da maki 700 cikin 1000. Nemi jagorar jarrabawar ka karanta tun ranar farko. Sashen tsaro da bin ƙa'idoji kaɗai ya ɗauki kashi 30 cikin ɗari, don haka ka ba shi lokaci sosai.

A ganina, babban abin da ke rikita ɗalibai shi ne tara malamai. Yau wannan bidiyon YouTube, gobe wancan. Riƙe kwas ɗaya. Akwai na kyauta a AWS Skill Builder. Minti arba'in bayan sallar Asuba, kafin unguwar Kwadaso ta cika da hayaniya, sun fi awa biyar na daren Lahadi. Sauke darussa a waya saboda ranar da aka ɗauke wuta.

In ma ba ka ci ba, bayan kwana 14 kana iya sake zama. Sa ranar jarrabawarka a wannan makon, ka gaya wa aboki ɗaya da zai riƙa tambayar ka ina aka kwana.