Ƙaiƙayi Bayan Motsa Jiki: Shawara Ga Matasan Ringim

Idan ka tashi daga ƙwallo ko gudu jikinka ya feso da ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi, galibi borin jini ne da ɗumin jiki da gumi ke tayarwa. Yakan lafa cikin awa ɗaya ko biyu.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ka fita da asuba ko bayan la'asar, sanye da rigar auduga mai walawa. Da ka ji tsikari, koma inuwa ka watsa ruwa mai sanyi, kada ka sosa. Da hunturu kuwa bushewar fata ce ke ƙara ƙaiƙayin, sai ka shafa man kaɗanya bayan wanka. Kada ka faɗa Kogin Haɗeja don huce zafi, ana iya ɗaukar tsargiya a irin wannan ruwa.

Idan abin yana maimaituwa, ka ga likita. Maganin cetirizine yakan taimaka. Wasu kuma cin alkama ko shan aspirin kafin wasa ke tayar musu da shi.

Amma idan leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, ko jiri ya kama ka, daina wasa nan take, a garzaya da kai Babban Asibitin Ringim. Jinkiri yana iya jawo asarar rai.