Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Batun Riƙe Ma'aikatanta

Jama'a, taɓin hankali ciwo ne kamar kowane ciwo, yana kuwa jin magani. Masu ba da maganin ne suka yi ƙaranci. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 200, amma ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba. Daga cikinsu ma waɗansu suna ƙaura zuwa Ingila, Kanada da Saudiyya, don neman albashi mai tsoka da kayan aiki.

Abin da doka ta tanada

A da babu irin wannan doka. Har ma dokar 1958 da aka daɗe ana aiki da ita ta fi ƙarfafa tsare majinyaci bisa ga yi masa magani. Ba a canja ta ba, sai a farkon shekarar 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa a Abuja. Sabuwar dokar ta kare mutuncin majinyaci, ta kuma yi umarni a kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusun gudanar da aikin.

Tilas ko lallashi?

A Afrilu 2023 Majalisar Wakilai ta yi karatu na biyu ga ƙudurin Ganiyu Johnson, wanda ya nemi kowane sabon likita ya yi aikin shekara 5 a gida kafin ya sami cikakken lasisi. Ƙungiyoyin likitoci suka ƙi amincewa, ƙudurin kuwa bai zama doka ba. A Agusta 2024 Gwamnatin Tarayya ta bi wata hanya, ta amince da tsarin kyautata yanayin aiki da jawo na ƙetare su komo. Da ma an ce, ana tilasta wa doki zuwa rafi, ba a tilasta masa shan ruwa.

Aikin jama'a

Tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa majinyaci yakan sami sauƙi in danginsa suna tare da shi. Saboda haka kada a ɗaure mara lafiya da mari. A kai shi asibiti da wuri, kamar na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato. A girmama ma'aikatan, a kuma ƙarfafa wa yaranmu gwiwa su koyi wannan aiki.