Darasi: Layi Ko Ƙuri'a, Wanne Ya Fi Adalci?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa Musulmi, a shekarar yunwa irin ta 2005, idan hukumar OPVN ta fito da hatsi mai rahusa, a Filinge ne ko a ƙauyukan Kurfai, hatsin kan yi kaɗan, mabuƙata su yi yawa. To, wa za a fara ba?

Shari'a ta tabbatar da haƙƙin wanda ya riga. Wanda ya fara zama a sahun farko ba a tashinsa saboda wani, ko da basarake ne. Sai dai layi yakan fifita mai ƙarfi da na kusa. Tsohuwar da ta taso daga nesa ta iske an ƙare.

Ita ma ƙuri'a tana da asali. Da ita aka fitar da mai renon Nana Maryamu (Ali Imrana, aya ta 44), kuma Annabi (SAW) yakan yi ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Ba caca ba ce, domin babu mai zuba dukiyarsa.

Saboda haka, masu rabo su fara da mafi buƙata. Idan buƙata ta zo ɗaya, kuma abin bai isa ba, a yi ƙuri'a a bainar jama'a.

Allah ya sa mu dace, amin.