Me ya sa intanet ke jan ƙafa a ƙauyukanmu?

Wani mai sauraronmu daga karkarar Katsina ne ke tambaya: me ya sa sai ya hau tudun bayan gari, ya ɗaga waya sama, kafin saƙo ya tafi?

To Malam, maganar kuɗi ce. Intanet mai sauri ta wayar faiba take bi, wadda ake binnewa a gefen titi, kuma a yawancin jihohi kowace mita sai kamfani ya biya gwamnatin jiha kuɗin izinin haƙa. An amince da naira 145 a kan mita, amma wasu jihohin suka riƙa karɓar dubbai. Ka lissafa kilomita 50 zuwa garinku, ga man janareto a turakun sadarwa, ga masu sayen data ƙalilan. Ɗan kasuwa kuwa ba ya zuwa inda uwar kuɗi za ta nutse.

Annobar korona ce ta tona asirin. Da aka rufe makarantu a 2020, rediyo aka koma wa don koyar da yara a jihohi irin su Kaduna da Kano. A shekarar ce Ekiti ta rage kuɗin izinin haƙan daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe shi ɗungurungum.